Baƙon da Sallau Ya Ɗauko a Teku

An gama cin tuwo, wuta ta ɗauke, yara sun taru a tabarma. Munzali yana nuna wa ƙannensa hoton wani jirgin ruwa a waya, fari fat, bene kan bene. Ya ce shi kafin ya mutu sai ya hau irinsa ya ƙetare teku.

Yaya Hansai, 'yar yayar mamansu da ta zo kwana biyu, ta dube shi sheƙeƙe.

"Kai da ko motar Kano amai take sa ka? Kashe wayar nan ka matso. Akwai ɗan gidanmu da ya hau. Bari ka ji yadda ake ƙetarewa."

Sallau sunansa, ƙanin babana. Mai tsire ne a Apapa, can bakin tashar jiragen ruwa ta Ikko. Hannunsa akwai daɗi, bakinsa kuma akwai surutu. Wata rana shugaban masu girki na wani jirgin 'yan yawon shaƙatawa ya ci tsirensa, ya lashe yatsa, ya ce ya zo ya riƙa gasa wa fasinjoji. Za su ƙetare zuwa Barazil su dawo.

A lokacin matarsa Kuluwa tana gida, Rafin Gawo, da tsohon ciki. Cikin fari ne, bayan shekaru suna jira har mutane sun fara yi musu jaje. Sallau ya yi lissafi ya ga zai dawo dab da haihuwa. Babu abin da yake so a duniya irin ya ɗauki ɗan nan a hannunsa.

Farkon tafiya akwai daɗi. Kiɗa, rawa, abinci ba dare ba rana. Tsuntsaye suna bin jirgi. Sai ƙasa ta ɓace. Sai tsuntsayen ma suka juya. Sallau ya yi amai har ya raina kansa, ya warke, ya tashi ya ga ruwa gabas, ruwa yamma. Gobe ma haka. Jibi ma haka. Ana ta mayar da agogo baya, lokacin salla ya rikice masa, alƙibla sai ya tambayi matuƙa. Tsofaffin Turawan da suka shigo da dariya suka koma faɗa kan kujerar shan rana. Fuskokin jiya su ne na yau.

Amma ba wannan ne ya fi damunsa ba. Duk faɗin jirgin babu Bahaushe ko ɗaya. Babu mai ce masa ina kwana, ya gajiya, ya iyali. Mutumin da ya saba gaisuwa tun daga asuba, sai ga shi yana hira da nama a kan wuta. Kaɗaici ya ci shi sosai.

Da rana tsaka yakan kashe gawayi. Fasinjoji sun ƙoshi sun kwanta. Sai ya ɗauki dardumarsa ya sauka can bayan jirgi, a ƙasa, inda ake tara igiyoyi. Ma'aikata ba sa son wurin. Shi kuwa ya ce ya samu masallaci.

Ran nan iska ta tsaya cak. Teku ta kwanta shiru. Ya sallame azahar ke nan, sai ya ji daga bayansa:

"Salamu alaikum."

Ba sallamar Larabawa ba. Tamu, ta gida.

Sallau ya amsa tun kafin ya waiga. Wani tsoho ne zaune a kan tarin igiya, siriri, da rigar saƙi mai shuni da ta koɗe. A kumatunsa akwai irin askar da kakan Sallau yake da ita. Muryarsa ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin randa take fitowa.

"Sannu da aiki, yaro."

"Yauwa, Baba! Ashe akwai namu a jirgin nan? A wane ɗaki kake?"

"Ƙasa."

"Mutumin ina ne?"

"Rafin Gawo."

Sallau ya kusa yin kuka don murna. Ya durƙusa ya gaishe shi, gaisuwa mai tsawo, wadda ya daɗe yana ƙishinta. A durƙuson ne ya ga ƙafafun. Farare ne, sun yi yaushi, irin na wanda ya wuni a cikin ruwa. Ruwa yana tsatsafowa daga cikinsu yana bin ƙarfen jirgi. Ƙarfen kuwa ya yi zafin da ba a taka shi babu takalmi, amma ruwan bai bushe ba. Sallau ya gani da idonsa, ya ce a ransa alwala ce.

Washegari ya tarar da shi a wurin. Kashegari ma haka. Ya kawo masa tsire, tsoho ya ce ya ƙoshi. Shi dai tambaya.

"Rijiyar bakin kasuwa tana nan?"

"Ta ƙafe tun ina yaro, Baba."

"Tsamiyar bayan rijiya fa?"

"Kakana ya sare ta. Ai a nan gidanmu yake. Ɗakina ma a kan gurbinta aka gina shi."

Tsoho ya girgiza kai. Sannan ya ce hanya ta shige masa duhu, yanzu ta ina ake bi? Sallau kuwa abin nema ya samu. Ya zayyana masa komai, daga Ikko zuwa Kano, daga Kano motar da ake shiga, inda ake sauka, rafin da ake ƙetarewa, har launin ƙyauren gidansa. Ya ba shi labarin Kuluwa. Ya ba shi labarin cikin. Ni har yau in na tuna wannan surutun sai raina ya ɓaci, amma ban ga laifinsa ba. Kowa aka bari shi kaɗai a tsakiyar ruwa haka zai yi.

Tsoho ya ce, "To ni yanzu in na koma, ban san kowa ba. Nawa duk sun ƙare."

"Haba Baba, ina raye? Ba ka da masauki sai gidana."

"Da bakinka ka faɗa?"

"Da bakina."

Tsoho ya miƙo hannu, suka yi musabaha. Hannun sanyi ƙalau. Bai saki ba.

"To bari in gaya maka baƙonka," in ji shi. "Ni ne mai tsamiyar nan. Tun kafin a haƙa rijiya nake cikinta. Mutanen gidanku sun san al'adata. Ɗan fari nawa ne. A kafaɗarsa nake zama."

Sallau ya ja hannunsa, hannu ya ƙi fita.

"Na ƙarshen da na hau, mahara suka kama shi a gona. Aka sayar, aka sake sayarwa, har bakin teku. Aka ɗaure su a cikin wani jirgi na katako, a ƙasa, cikin duhu. Ya mutu a hanya. Daidai nan suka jefa shi, ni ina kansa. Ruwan gishiri ba ya takuwa gare ni sai an ɗauke ni. Jirage nawa suka wuce, ina sallama, ba mai amsawa."

"Me kake yi wa 'ya'yan farin?" in ji Sallau.

"Ba na kisa. Hawa nake yi. Hankalin ne dai ba ya daɗewa tare da su."

Sallau ya rufe ido ya kama Ayatul Kursiyyu. Tsoho ya jira har ya kai ƙarshe.

"Ai ban hauro katanga ba, yaro. Kai ka buɗe mini ƙofa. Ka dai sauke ni a ƙasarmu, sauran hanyar na sani, ka faɗa mini."

Da ya buɗe ido babu kowa a kan igiya. Ya miƙe zai tafi, sai ya ji nauyi a wuyansa, ƙafa ɗaya ta nan, ɗaya ta nan. Ruwa mai sanyi ya gangaro ƙirjinsa. Ya dangwala ya lasa, gishiri ne.

Daga ranar rigarsa ba ta ƙara bushewa ba. Yana tsaye gaban wuta, kafaɗunsa sharkaf. Abokan aiki suka ce gumi ne. Ya daina surutu, ya daina ci. In ya yi sujada sai ya ɗago da ƙyar.

Da suka isa Barazil shi ya fara sauka. Ya yi ta tafiya cikin gari, ya bi tudu, ya bi kwari, har ya samu jar ƙasa irin tamu ya tsaya a kai.

"Ga ƙasa, Baba. Don Allah ka sauka."

Muryar ta zo masa daidai kunne. "Wannan ba ta kai gida."

Haka ya koma jirgi da kayansa. Dawowa ta fi tafiya tsawo. Kullum yana tsaye yana kallon gabas, yana son ganin ƙasa, yana tsoron ganinta. Da tsuntsaye suka fara bayyana, ya ji ƙafafun nan suna motsi a ƙirjinsa.

Babana, Mati, shi ya je taryarsa a Apapa. Da hantsi jirgi ya tsaya, aka sa matakala, mutane suka yi ta sauka. Can sai ga Sallau da jakarsa, ya rame ya ranƙwafa. Babana ya hango shi daga ƙasa ya ɗaga murya.

"Albishirinka! Kuluwa ta sauka lafiya, namiji. Jibi suna, kai ake jira."

Sallau ya yi dariya, hawaye na zuba. A wannan lokacin ya manta da komai. Ya sauko da sauri, taki bayan taki, har saura ɗaya. Ya ɗaga ƙafa.

Sai ya ji nauyin ya bar wuyansa. Yana zamewa a hankali ta bayansa, ya wuce ƙugu, ya kama cinya. Wani abu mai sanyi ya miƙo ta gefen ƙafarsa yana laluben ƙasa.

Ya ja da baya da ƙarfi har ya faɗi zaune a kan matakala. Nauyin ya koma wuyansa, ya matse.

"Lafiya?" in ji babana. "Sauko mana."

"Ba zan iya ba, Yaya."

"Ba za ka iya me ba? Taki ɗaya?"

"Hau ka ji."

Babana ya hau. A nan kan matakala Sallau ya gaya masa komai. Babana ya fara faɗa, ya ce rana ce ta taɓa masa kai, ya kama kafaɗarsa zai ja shi. Ya saki da sauri. Ya ce abin da hannunsa ya taɓa ba kafaɗa ba ne, gwiwar mutum ce, ƙashi zalla, mai sanyi.

"Mu nemo malamai," in ji babana.

"In sun sauke shi a nan, ƙasa ce. Kafin mu kai Kano ya riga mu gida."

"To sai yaya?"

"A kan ruwa ba shi da inda za shi. Muddin ina kan ruwa, yaron yana lafiya." Ya share fuska. "Wa yake kama, Yaya?"

"Kai. Har kunnuwan."

"Ku sa masa Tasi'u. Ka ce wa Kuluwa ta yafe mini, kada ta jira ni. Kada ka gaya mata dalili, za ta rayu cikin tsoro. In kuma na mutu, ko wa ya roƙe ka, kada ka yarda a kawo ni."

Ya ɗauki jakarsa ya koma sama.

Bai sake taka ƙasar wannan ɓangaren ba. In aikin jirgi ya ƙare, sai ya sauka a can ƙetare ya nemi wani. In sun zo Ikko, yana ciki, yana leƙen gari daga sama. Kuluwa ta yi kuka har ta gaji, ta ce wata ce ta ɗauke masa hankali. Gari duka ya zage shi. Tasi'u kuwa ya tashi garau, ya yi karatu, hankalinsa ya fi na kowa a gidan. Abu ɗaya ya sani game da ubansa, wai ya zo har bakin ƙasa ana jibi sunansa ya juya.

Shekarun baya mutanen jirgin da yake aiki a ciki suka aiko. Sallau ya rasu a tsakiyar teku, gawarsa tana ɗakin sanyi, ina za a kai ta? Tasi'u ya zo wurin babana, idonsa jawur.

"Baffa, a kawo shi. Bai ɗauke ni yana raye ba, ni zan ɗauke shi. Ko kabarinsa ne in samu."

Babana ya sunkuyar da kai. Ya ce wa mutanen jirgin, akwai Musulmi a cikin ma'aikata? Suka ce akwai. Ya ce su yi masa wanka, su yi masa salla, su sa shi a ruwa tun kafin a hango ƙasa. Tasi'u ya roƙa, ya yi kuka, ya tara dangi. Babana bai canza ba. Daga baya ya zaunar da shi ya gaya masa gaskiya, Tasi'u ya ce tatsuniya ce aka ƙirƙira don a rufa wa mugun uba asiri. Tun ranar bai ƙara gaishe da babana ba.

Yaya Hansai ta kai ƙarshen labarin. Babu wanda ya motsa a tabarmar. Can Munzali ya ce a hankali, "To tsohon fa, Yaya?"

"Ya koma inda aka ɗauko shi. In Allah ya sa ka hau irin jirgin nan, Munzali, ka ci abincinsu, ka yi amanka, ka sha kallon ruwa. Amma kada ka sauka bayan jirgi kai kaɗai da rana tsaka. In ka ji sallamar gida a inda babu ɗan gida, ka dubi ƙafa kafin ka buɗe baki. Da can ya manta hanya. Yanzu ya san har ƙofar gidanmu, mai ɗaukarsa kawai yake jira."