Zaren Silima a Gonar Mai Nasara

Dariyarta Ɗan Baba ya fara ji kafin ya ga fuskarta.

Ranar kasuwar Baudeta ce, bayan azahar, cikin tsohon magazan ajiyar kaya da ya toshe wa tagogi da tabarmi don ya samu duhu. Fim ɗaya gare shi, gadon kawunsa, tsohon fim na Turawa inda tsuntsaye ke faɗa wa mutanen wani gari suna caccakar su. Mata na rufe ido, tsofaffi na salati, wata mai shuɗin kallabi kuwa sai dariya take har da riƙe ciki.

Da aka fito ya tare ta bakin ƙofa.

"Malama, mutane na mutuwa kina dariya?"

"Ai na ga zaren da aka rataye tsuntsun da shi," in ji ta. "Fiffikensa ɗaya ma ba ya motsi, jinin kuma galura ne. In na gaske kake son gani, ka zo gonarmu da hantsi."

Lauratu ke nan, ɗiyar Mai Nasara.

Shekarar fari ce, soji ke mulki, iyakar kudu a rufe, esans, wato fetur, ya yi ɓatan dabo. Wata biyu motar da Ɗan Baba ke yawon nuna silima da ita na tsaye gindin gawo, ba gaba ba baya. Ɗan man da ya rage injin silima yake lallaɓawa da shi.

Da ya je gonar ya ga ba shi kaɗai ke tsare ba. Duk karkarar, gonar Mai Nasara da ke cikin kwari ce kaɗai ta fid da kai, don haka duk tsuntsayen jan-bakin ƙasar nan suka taru, baƙi ƙirin kamar hadari. Lauratu na bisa rumfar ƙirare a tsakiyar hatsi tun asuba har faɗuwar rana, tana jan igiya mai gwangwanaye. Ranar kasuwa kaɗai innarta ke canjin ta.

"To, mai tsuntsun kwali, ka ga zare jikin waɗanga?"

Ya ɗaga kai ya dube ta. Tun daga ranar bai yi fashin zuwa ba.

Rana ta biyar Mai Nasara ya iske shi.

"Kai ne mai nuna wa mutane ƙarya a bango? Ɗiyata ba ta da lokacin hira. In tsuntsu ya cinye hatsin ga, Maraɗi za mu tahi gaba ɗaya, mu bi layin taimako kamar kowa. Kada ƙafarka ta sake taka mini gona."

Bai sake takawa ba. Amma igiyar Lauratu ta kai har bakin shinge, ita kuma ta yi ajin yaƙi da jahilci. Sai ya riƙa cusa takarda cikin gwangwani, ita ta jawo.

"Tantabarata, ƙafata na waje, hankalina na bisa rumfa. Kin sha ruwa?"

Da la'asar amsa ta dawo.

"Na sha. Tafin hannuna ya fashe. Sun fi jiya yawa. Baba ya fara ɗaure kaya."

Akwai wani Salifu mai kanti da ya daɗe yana kai gaisuwa gidan Mai Nasara don neman Lauratu. Shi ya zo wa Ɗan Baba da jarka cike da esans, fuska a sake.

"Ga shi, baƙo. Zai kai ka Tasawa har da saura."

Ɗan Baba ya karɓa ya yi godiya. Kafin magariba labari ya kai rumfa. Da safe layi ɗaya ya tarar cikin gwangwani.

"Na ji ka samu mai. Allah ya kiyaye hanya."

Amalanken jaki ya ara, ya ɗora inji da lasifika, ya girke su bakin shinge, ya zuba man Salifu, ya ƙure kukan tsuntsayen fim ɗin nan mai firgita tsofaffi. Jan-baki suka tashi fir, suka yi kewaye ɗaya, suka dawo. Biyu ma bisa lasifikar suka sauka.

Daga nesa ya hango Lauratu ta daina jan igiya, ta sa fuska cikin kallabi. Bai san ko dariya take ko kuka ba.

Ya kashe inji. Iska ta kaɗa jelar fim ɗin da ke lilo, ta yi walƙiya a rana, tana kas-kas. Tsuntsayen da ke bisa lasifika suka watse.

Ya daɗe yana kallon faifan. Shi ne cinsa, shi ne shansa. Sannan ya zaro wuƙa.

Yana yanka yana ɗaurawa a igiya, Lauratu na jawowa. Amma igiya ɗaya ba ta isa gona ba, gefen gabas har ya fara zama ƙaiƙayi. Yana tsaye bakin shinge, fim naɗe a hannu, ya ji tari a bayansa.

"Wanga ba shi ne sana'arka ba?" in ji Mai Nasara.

"Shi ne, Baba."

"Kana da wani?"

"Babu."

Tsohon ya dubi gonar, ya dubi ƙafafun saurayin da ko yatsa bai ƙetare iyaka ba. Ya janye ƙayar shinge da sandarsa.

"Shigo. Kama can, in kama nan."

Kwana goma sha biyu gonar na walƙiya tana ƙara. Tsuntsu ya ci nasa, amma abin da ya bari ya cika rumbu ɗaya. Mai Nasara ya kwance kayan da ya ɗaure.

Bayan girbi Liman ya shafa fatiha a ƙofar gida, aka raba dabino don goro ya yi wuya. Mai Nasara ya kama hannun angon, wanda lauje ya riga ya yi wa kanta.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku damina mai kyau."

Washegari da hantsi amarya ta fito da guntun fim da ta ɓoye a bakin zane, ta ɗaga shi saitin rana, ta kanne ido ɗaya.

"Angona, har yanzu fa ina ganin zaren."

"Yi masa haƙuri, tantabarata. Iyakar ƙoƙarinsa ke nan."

Ta yi dariyar nan da ya fara ji cikin duhun magaza, ta soke shi a jikin zanan ɗakinsu, inda iska za ta riƙa taɓa shi.