Lefen da Ban Ajiye Ba

"Tsaya nan, Iklima. Ke ba matarsa ba ce."

Goggo Fanta, ƙanwar mahaifin Suhaibu, ta tare ƙofar ɗakinsa da hannu. Ina jin nishinsa daga ciki, kwanon kunun gyaɗa yana ƙona min hannu, amma ba ni da ikon shiga in ɗaga masa kai ya sha.

Ana saura kaɗan bikinmu likita ya ce ciwon daji ya cinye masa hanta, sai dai a riƙa rage masa zafi. Abdulaziz, wanda ya daɗe yana min naci ina ƙi, shi ya kai labarin gidanmu a unguwar Malam Inna, har da ƙarin gishiri. Dada, mahaifiyata, ta ce ba ta haife ni don in fito daga lalle in faɗa takaba ba. Mahaifina, Baffa, ya bar maganar a yadda ta yanke.

Wanda ya fi ƙona min rai Suhaibun ne da kansa. Ya aiko wai ya janye, har ya sa a mayar da atamfofin da ya tara min na lefe shagonsa na Kasuwar Gombe a sayar.

Na ɗaga murya yadda zai ji ta bayan labule.

"Suhaibu, wa ya ce maka na fi ka tsawon kwana?"



"Abar ƙaunata," muryarsa da ƙyar take fita, "ba na son in bar ki da takaba."

"Ka fi so ka bar ni a bakin ƙofa? In ka tafi a haka, ko kukanka sai na ɓuya zan yi. Ni dai ka bar ni in ba ka kunun nan da hannuna."

Goggo Fanta ta sauke hannunta a hankali, ta kau da kai tana share ido. Ita ce ta yafa mayafi ta je ta sami Baffa. Ban san me ta faɗa masa ba, amma ranar Juma'a aka ɗaura aure. Dada da kanta ta sa min lalle, tana kuka tana min faɗa.

Mu mata mun iya ɓoye atamfa a ƙasan akwati shekara da shekaru, muna jiran wata babbar rana. Ni ban ga ranar da zan jira ba. Na kwaso atamfofin lefen kaf daga shago na kai wa Ugoma tela a Tudun Wada, ta yi ta kallona kamar na zautu.

Duk wadda aka gama ɗinkawa sai in sa in shigar masa da kunu. Ɗan kasuwa har kan gadon ciwo, sai ya murza gefen zanen ya ce Ugoma ta yi ɓarnar yadi, mu yi ta dariya har ciwon ya tsayar da shi. Ina tsoro, wallahi kullum ina tsoro, amma ban taɓa jin daɗi irin na watannin nan ba.

Ranar da na sa ta ƙarshe, wata shuɗiya, ya daɗe yana riƙe da gefenta.

"Wannan na fara ɓoye miki, tun ban iya yi miki magana ba."

Bayan la'asar ya cika, kansa a kan cinyata, babu wanda ya ce in fita.

Yanzu ina takaba. Jiya Dada ta buɗe akwatunana tana neman sabuwar atamfa da za ta adana min don gaba. Ta zazzage su duka, ba ta sami ko ɗaya da bai gani a jikina ba.