Baƙuwa a Datar Wayata

Ranar wata Juma'a, da sanyi ya fara shigowa, na kai Eilif, mijin yayata Gunvor, bukkar kakarmu da ke saman dutse. Motarsa mai tsada ba ta iya hanyar, sai tawa akwalar. Bukkar ta faɗo a rabon gadon Gunvor, shi kuwa ya sa matar tasa a gaba sai an sayar wa wani kamfani ya rushe ya gina otal. Sun ce in hotunan wurin ba su iso kafin a tashi ofis ba, filin maƙwabta za su saya. Eilif mutumin birnin Oslo ne, bai taɓa tatsar saniya ba, amma a bakinsa ya fi kowa sanin makiyaya. Ban taɓa ganinsa da gashi a ka ba.

Kowa a kwarinmu ya san da zarar an sauko da shanu, bukkokin sama na mutanen ɓoye ne har kiwo ya dawo. Ba a shiga sai an nemi izini.

Na ce, "Ƙwanƙwasa tukuna."

"In ƙwanƙwasa wa wa, Ragnhild? Ɓeraye?" Ya sa ƙafa ya banke ƙofar.

Ciki sai warin toka da tsohon cuku. Ya gama ɗauke-ɗauken hotunansa, ya zuba su a kwamfuta, rana na shirin faɗuwa. Wayarsa ta ƙarya babu sabis ko ɗigo. Tawa ce ke kamawa kaɗan a bakin taga.

"Miƙo gwangwanin nan naki in ja data."

Kwamfutar ta ƙi karɓar lambar sirri. Ya yi tsaki, ya cire lambar daga datar wayata gaba ɗaya.

"A buɗe za ka bar ta?"

"Duk mai so ya shigo!" Ya faɗa da ƙarfi yana dariya. "Wa ke nan? Tumaki?"

Hotuna suka fara tafiya. Ya harɗe ƙafa kamar ya riga ya mallaki otal.

Na leƙa wayata. Ta nuna na'ura biyu ne a kan datar.

"Eilif, ka haɗa taka wayar ne?"

"Tana aljihu, a kashe."

Sai muka ji ƙararrawar saniya a bayan bukka. Babu saniya ko ɗaya a dutsen nan.

Ƙamshin madara mai ɗumi ya cika ɗakin.

Layin da ke nuna tafiyar hotuna ya tsaya. Sannan ya fara komawa baya.

"Wane irin shirme ne wannan?" Muryarsa ta sirance.

Na raɗa masa, "Kai ka ce a shigo."

Fuskar kwamfutar ta yi baƙi. A cikin gilashin muka ga kanmu, muka ga wata mace tsaye a bayansa, da baƙar riga da bokitin tatsa. Kyakkyawa ce. Ta juya wajen murhu. Bayanta rami ne, kamar ruɓaɓɓen kututture. Ga ta da jelar saniya tana jan ƙasa.

Ba mu waiwaya ba.

Eilif ya yi tsalle ya kama ƙofa. Ƙofar da ko sakata ba ta da ita ta ƙi motsi.

Bokiti ya sauka a ƙasa, daf da mu.

"Ragnhild, don Allah!"

"Ƙwanƙwasa."

Ya ƙwanƙwasa daga ciki, majina na zuba, yana ba da haƙuri cikin muryar yara. Numfashi mai sanyi ya taɓa ƙeyata. Ƙofa ta buɗe. Na fizgi wayata muka fice, ya bar kwamfuta da takalmi ƙafa ɗaya. Ina tuƙi, gaskiya na tsorata, amma ko kaɗan bai ba ni tausayi ba.

Hoto ko ɗaya bai isa kamfanin ba. Suka sayi filin maƙwabta. Gunvor ta ce yanzu ko banɗakin gidansa sai ya ƙwanƙwasa, kuma in aka ambaci bukka sai ya tashi ya bar kofinsa.

Bukkar tana nan. Duk shigowar sanyi nakan hau, in ƙwanƙwasa, in cire lambar sirri, in ajiye wayar a bakin taga. Ba na zuwa da kwamfuta. Kafin in gama hura wuta, wayar za ta nuna an shigo.