Gwiwar da Ta Ƙi Lanƙwasa

"Sake faɗa, Kasule! Sake faɗa in ji da kunnena!"

Namubiru ta maka littafin a kan tebur har shayi ya fantsama. 'Yan ƙungiyar karatunsu ta unguwar Wandegeya kowa ya sami abin kallo a cikin kofinsa.

Littafin ban tsoro ne. 'Yan makaranta ne kwalekwale ya kife da su, suka maƙale a wani tsibiri, ga wani abu a ruwa yana jan su ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe jarumin ya bar wata yarinya mai ciwon ƙafa a kan yashi, abin ya shagala da cinta, sauran suka tsira.

Kemigisha ce ta zaɓi littafin, ita ce kuma ta karya murya ta tambayi Kasule ko yaron ya yi daidai. Kowa ya san ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan Kasule. Kowa ya san gwiwar Namubiru ta hagu ta daina lanƙwasa tun da babur ɗin haya ya zubar da ita a unguwar Kalerwe. Amma gogan naka, saurayin da ke shirin auren Namubiru, ya buɗe baki ya ce ai dole a bar mai jinkirta tafiya.

"Haba masoyiyata... labari ne fa kawai."

"Labari?"

"Ina nufin a lissafi, rai ɗaya da rayuka..."

"Lissafin banza! Littafin nan ƙazanta ne daga bango zuwa bango! Marubucin ko suna bai ba yarinyar ba, sai 'mai ɗingishi'. Ita ta kunna musu wuta, ita ta gano ruwan sha, amma da dodo ya ji yunwa sai aka tuna tana da nauyi. Ba abin cikin ruwa ya tsorata ni ba, mutanen kan tudu ne!"

Kemigisha ta yi wani munafukin murmushi. "Ayya, 'yar'uwa, kin ɗauki abin da zafi."

"Ke rufe mini baki, kin sami abin da kika zo nema."

Ta juya ga Kasule, idonta ya kawo ruwa.

"Maamarka ta ce ba ta son surukar da ba za ta durƙusa ta gaishe ta ba. Me ka ce mata?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na ce me ka ce mata?"

"Na ce... a bar maganar tukuna."

"To yau na ji amsar."

Ta ɗauki sandarta ta fita. Ya biyo ta yana zuciyata, zuciyata, ko waiwaye ba ta yi ba.

Gidan Ssenga ta nufa, ƙanwar mahaifinta, wadda maganar auren ke hannunta. Ta same ta tana ɓare ayabar matoke, ta zube a kujera ta fashe da kuka.

"A fasa, Ssenga! A fasa kawai!"

"Saboda littafi?"

"Saboda shi! Duk gidan da na shiga sai an kalli ƙafata kafin fuskata. Na zaci shi daban ne..."

Ssenga ta ajiye wuƙa. "Ban ce ki yafe ba, 'yata. Ki dai ci abinci, fushi ma yana son ƙarfi."

Kasule ya kira har waya ta gaji. Ran Lahadi sai ga shi a ƙofa, duk ya faɗa, ko gemu bai gyara ba.

"Na sake karanta shi," ya ce.

"Barka. An ba ka kyauta?"

"Ranar farko ni ne yaron, ina lissafi. Wannan karon ke na riƙa gani a kan yashin, na kasa ƙarasawa. Namubiru, ni matsoraci ne, ba a gaban littafi ba, a gaban Maama."

"Daɗin baki ba ya ba ni gwiwa."

"Zo mu je Mukono wurin Maama."

"In je a sake kallon ƙafata?"

"In na sake yin shiru, ki tafi har abada."

Ta je, amma ba don ta huce ba. So take ta ga ƙarshen rashin kunya da idonta.

Maama na zaune a baranda cikin doguwar rigar gomesi mai tsinin kafaɗa, ta haɗe rai. Ta dubi tabarmar da ke gabanta, ta dubi Namubiru, tana jira. Namubiru ta dafe sandarta, ta gaishe ta a tsaye.

Maama ba ta amsa ba.

Sai Kasule ya cire takalmi, ya zube gwiwa biyu a kan tabarmar.

"Kai! Me kake yi? Tashi, maƙwabta na kallo!"

"Su kalla, Maama. Gwiwar nan tamu ce mu biyu, ita ta yi gaisuwa, ni na yi durƙuso. Haka za mu riƙa zuwa miki duk tsawon rai."

"Ka haukace?"

"In ba ki amsa mata ba, a nan zan wuni."

Maama ta ja tsaki, ta kau da kai, ta sake jan wani. Matar maƙwabci har ta leƙo ta katanga da tsintsiya a hannu. Namubiru ta ji hawaye na bin kumatunta, ta ƙi sharewa.

Can dai tsohuwar ta gyara zama, ta dube ta, wannan karon a fuska.

"Lafiya lau, 'yata."

Sannan ta daka wa ɗanta tsawa.

"Kai kuma sakarai, ka bar yarinya a tsaye! Tashi ka kawo mata kujera!"