Ƙasar da Ke Cikin Firjin Pak Murjani

Da yammacin wata Laraba, ana gab da kiran magariba, Bu Masliah tana soya kifi a bayan gida. Mijinta, Pak Murjani (a ƙasarmu Pak ake ce wa namiji don girmamawa, Bu kuma mace), yana zaune a tabarmar falo da tarin takardun ɗalibai da bai gama dubawa ba. Gidan ɗaya ne daga cikin gidajen katakon da jami'armu ta gina wa malamai tun ba a haifi yawancinmu ba. Iska ta ɗauke. Kwaɗin da suka saba cika unguwar da kuka suka yi tsit. Sai wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi, tim, kamar an jefo jiƙaƙƙen tsumma. Can sai na biyu, sai na uku.

Pak Murjani ya fita yana faɗa, a zatonsa 'ya'yan maƙwabta ne. Babu kowa. A bakin ƙofa ya tarar da curin laka baƙa ƙirin, jiƙe sharkaf, alhali an yi wata biyu ko yayyafi ba a gani ba. Ya murza ta a yatsa, ya sansana. Shi malamin kimiyyar ƙasa ne, kuma ya gane ta nan take. Lakar wata fadama ce da ke can saman kogi, tafiyar awa shida a kwale-kwale. Ya goge hannunsa a zanin da ya ɗaura, ya koma ciki.

Shekara shida da rabi ke nan bawan Allahn nan yana fama da digirin digirgir. Doka ta ce bakwai, in suka cika a sallame shi. Aikin gaba ɗaya ya rataya ne a kan bututu arba'in na ƙasar fadamar nan, waɗanda ya haƙo a tsakiyar rani, a 'yan makonnin da ruwa ke janyewa. Saura kawai a aika su tsibirin Jawa a gwada. Takardar aikawar tana kan teburin wani babba da kullum yake taro a wani gari. Firjin ɗakin gwaje-gwaje kuwa ya lalace wata takwas da suka wuce, kuma maimakon a kira mai gyara, wallahi kwamiti aka kafa. Shi ya sa ya kwashe kayan miyar matarsa daga firjin gida ya jera bututansa.

"Abah, laka za mu riƙa ci a gidan nan?" in ji Bu Masliah a ranar, don haka take kiran mijin, wato Baba.

"Sati biyu ne kawai, Mama."

Yanzu ga wata na biyu ya ƙare.

Daga wannan Laraba jifan bai sake fashi ba. Da zarar rana ta yi ja, sai laka ta fara sauka. A rana ta uku ƙofar firjin ta buɗe da kanta. A ta huɗu suka ji murya daga kicin, ƙasa-ƙasa, tana ƙirgawa a hankali daga ɗaya har arba'in, sannan ta yi shiru, ta sake farawa. 'Yarsu ɗaya tilo, Hairiah, wadda ke shekarar farko a sashen harhaɗa magunguna, ta daina barci. Ta daina cin abinci. Sukan same ta zaune gaban firjin, ƙafafunta caɓe-caɓe da laka, ita da ko tsakar gida ba ta taka ba. Likitan jami'a ya ce gajiyar karatu ce, ya ba ta ƙwayoyi.

A magariba ta bakwai ta ɗago kai ta dubi ubanta, ta ce da muryar tsoho, "Ɓarawo."

Bu Masliah ba ta tsaya neman shawarar kowa ba. Washegari ta haye kogi ta ɗauko Guru Darkasi, tsohon malamin da ke karantar da tafsiri a masallacin bakin ruwa. Ya iso bayan la'asar, ya nemi kofin ruwa, ya zauna gefen yarinyar yana karatu. Ya daɗe yana yi. Haske ya riƙa raguwa a ɗakin, babu wanda ya tashi ya kunna fitila. Can sai bayan Hairiah ya miƙe, wuyanta ya sandare.

"Ya isa haka, Guru. Ina jin ka," in ji muryar tsohon nan daga bakinta.

"Wane ne kai, kuma me kake nema a jikin 'yar mutane?"

"Tambayi ubanta. Da zai haƙa gidana, izinin wa ya nema?"

Nan fa Pak Murjani ya yi abin da har yau nake jin haushinsa da tausayinsa a lokaci guda. Ya tashi, ya ɗauko jakar takardu, ya baje su a tabarma. Takardar izini bakwai, kowacce da hatimi. Ta shugaban tsangaya, ta ofishin bincike, ta hukumar gandun daji, ta gunduma, har ta mai gari. Wata uku ya yi yana bin ofisoshi kafin su cika.

Abin da ke jikin Hairiah ya yi wata busasshiyar dariya.

"A cikin masu hatimin nan bakwai, wane ne yake kwana a can? Masunta da ba su iya rubuta sunansu ba, sai sun yi mana sallama kafin su kafa sanda. Shi mai ilimi ya zo da ƙarfe ya huda rufina wuri arba'in. Na ƙarshen ta makwancin jikata ya bi. Tun ranar ba ta runtsa ba. To tasa ma ba za ta runtsa ba."

"Kai Musulmi ne?" in ji Guru.

"Tun ba a haifi kakanka ba."

"To ka san ba a kama 'ya da laifin uba. Faɗi abin da kake so ka fita."

"Ƙasata. Kowace a raminta."

Pak Murjani ya durƙusa. "Ka bar mini goma, don Allah. Shekara shida da rabi... To biyar. Uku ma sun isa in rubuta wani abu."

Hannun Hairiah na dama ya ɗaga a hankali. Yatsu uku suka fara lanƙwashewa ta baya, har aka ji suna ƙara.

"Riƙe uku. Ni ma in riƙe uku."

"Abah!" Bu Masliah ta ƙwalla ihu. "Da 'yarka kake ciniki?"

"Duka!" ya ce, yana kuka. "Ɗauki duka!"

Yatsun suka saki. Guru Darkasi bai bar maganar a nan ba. Ya ce tunda an yi alkawari gaban shaidu, fita yanzu za a yi, ba sai an mayar ba, kuma a ba mutumin nan damar sake haƙa. Muryar tsohon ta sake fitowa daga bakin yarinyar.

"Rani mai zuwa. Ya zo da sallama, in nuna masa inda babu kowa."

Rani mai zuwa saura wata goma. Shi kuwa wata shida suka rage masa, kuma kowa a ɗakin ya sani. Hairiah ta yi atishawa sau uku, ta kwanta a cinyar uwarta, barci ya ɗauke ta.

Kwana uku Pak Murjani ya yi a fadamar yana mayar da ƙasar, ruwan kogi ya riga ya dawo har gwiwa, littafin bincikensa a hannu. Da yake mutum ne mai tsanaki, ya rubuta inda kowane bututu ya fito, don haka bai ɓata ko ɗaya ba. Sallama arba'in ya yi.

Ranar Litinin ya je wurin mai duba aikinsa, Farfesa Asmuni, neman ƙarin lokaci. A takardar neman, a gurbin dalili, ya rubuta cewa ƙasar ta lalace. Farfesan ya karanta, ya tashi ya rufe ƙofa, ya rage murya.

"Ba ka yi sallama ba, ko?"

Kafin Pak Murjani ya amsa, Farfesan ya ci gaba.

"Ni ɗana aka kama, shekara ashirin da suka wuce. Duk tsofaffin sashen nan sun san wannan fadamar."

"Prof, sau tara ka dawo mini da babin hanyoyin bincike. Sau tara! Har waƙafi ka gyara mini. Me ya hana ka gaya mini?"

"A wane babi zan sa shi, Pak? Wa zan ce ya faɗa?" Ya tura masa takardar a hankali. "Ƙarin lokaci kuma ka san doka, babu shi. Amma sa hannu a nan, a ga dai ka nema."

Pak Murjani ya laluba aljihunsa, babu alƙalami. Sai da Farfesan ya ara masa nasa.