Ƙusar Kifi da Ƙusar Wata

Ranar da ya fara leƙowa, Anti tana durƙushe tana ɗaure wa wata yarinya igiyar takalmi. Ta ɗaga kai ta ga wani dogo ya cika ƙofar garejin mahaifinta, inda ta buɗe 'yar makarantar rainon yara. Ya yi sallama, amma idonsa na kan bango.

"Don Allah, me ya sa kowace ƙusa da hoto a kanta?"

"Ba su iya karanta sunansu ba tukuna," ta ce. "Mai kifi ya rataye jakarsa a kifi, mai wata a wata. Yaro za ka kawo?"

"Ko uwar yaron ban samu ba," ya ce da murmushi.

Daga nan Dogo ya mayar da garejin wurin zuwa. Malami ne a firamaren gwamnati da ke bayan layinsu. Ga kirki, ga ban dariya, sai dai tambaya kamar ɗan sanda. Yaya ake lallashin mai kuka? Ƙarfe nawa suke barci? Har tsayin kujera sai da ya auna ya rubuta. Anti tana sonsa, amma zuciyarta ta ƙi kwanciya.

Baba ne ya faɗi abin da take tsoro. "Ni ban taɓa ganin saurayi ya zo zance da littafi da biro ba. Ke yake so ko makarantar?"

Ba a yi wata ba aka ji firamare ta buɗe ajin ƙananan yara kyauta, kuma Dogo ne malaminsu. Cikin sati ɗaya aka cire mata yara biyar. Baba ya ce kada ya ƙara ganin ƙafarsa a gidan.

Saƙon Dogo ya shigo wayarta: "Antina, tsoro ne ya hana ni faɗa miki. Ki zo ki gani da idonki, sannan ki yanke mini hukunci."

Ta amsa: "Malam ɗan leƙen asiri, ka kwashe abin da ka zo nema. Allah ya ba da sa'a."

Ta yi kwana uku tana kuka a ɓoye. A na huɗu ta tafi, ba don sulhu ba, don ta kama ɓarawonta.

Ta kuwa kama shi. Ga kifinta, ga watanta a bangon ajinsa. Amma jakunkuna duk a zube suke a ƙasa, don bawan Allah ya buga ƙusoshin daidai kafaɗarsa. Wata yarinya tana ta tsalle, ta kasa kaiwa. Anti ta gane ta: 'yar mai wanki ce, wadda kullum take tsayawa a tagar gareji tana bin waƙarsu daga waje. Anti ba ta taɓa tambayar dalili ba, don ta san rashin kuɗin makaranta ne. Kunya ta kama ta.

"Ka yi sata, kuma ba ka iya amfani da ita ba," ta ce.

"Ban iya ba," in ji Dogo. "Zuwana na farko aiki ne ya kawo ni, ba zan yi miki ƙarya ba. Sauran duk ke ce."

"In aka kwashe mini yara duka fa?"

"Biyar ne naki. Sauran arba'in ɗin nan ba su taɓa shiga aji ba."

Ta daɗe tana kallon yarinyar. "Ba ni guduma," ta ce. "Kai kuma durƙusa. Inda idonka ya tsaya, nan za a buga."

Baba bai sauko da wuri ba. Wata shida yana sa ido ko garejin zai rufe. Bai rufe ba, ko da yake bai sake cika kamar dā ba. Ranar ɗaurin aure ya sa musu albarka, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya, ya kuma roƙi ango ya bar littafin nan a makaranta.

Har yau suna musu a kan wa ya fi cancanta ya riƙe yara, gwamnati ko irin su Anti. Amma da aka kai ta ɗakinta, ta tarar da ƙusa biyu a bayan ƙofa. Ɗaya can sama da hularsa. Ɗayar daidai kafaɗarta, da hoton wata a kai.