Sa Hannun Yaya

"Ba zan sa hannu ba."

Yaya ta ture takardar har ta zame daga kan tebur ta faɗi gefen ƙafata. Na sunkuya zan ɗauka, ta damƙe min wuyan hannu.

"Bar ta nan, Auta."

Malamar cibiya ta cire tabarau, ta roƙi kowa ya kwantar da hankalinsa a saurari juna. Babu wanda ya kula ta. Wan Dogo na tsaye a bakin taga, ya ƙi zama tun shigowarsa, sai huci yake yi. Shi kuwa Dogo yana can kusurwa a kan kujerar roba, ya toshe kunnuwansa da tafukan hannu, yana rangaji gaba da baya kamar yadda yake yi duk lokacin da hayaniya ta yi masa yawa.

Na so in je wurinsa...

Yaya ba ta sake ni ba.

Shekarata ashirin da takwas a lokacin. An haife ni da jinkirin fahimta. Abin da wata za ta koya a yini ɗaya, ni sai in kwashe wata guda ina fama da shi. Karatu ina yi, amma a hankali, da yatsa a ƙarƙashin layi. Ina shekara tara mahaifiyarmu ta rasu, Yaya ta ɗauke ni. Tela ce, a gefen keken ɗinkinta na girma. Ita ta koya min ɗaura zani, ita ta riƙa fita ba takalmi tana korar yaran da ke bina suna kirana doluwa. Maza biyu suka nemi aurenta, dukansu ta sallame su da suka ce ba da ni ba.

Don haka ban taɓa tunanin Yaya ba ta sona ba. Ko a ranar.

Ita da kanta ta kai ni cibiyar da ke kula da irinmu. A can aka koya min shiga bas ni kaɗai, da duba agogo, da cewa a'a in an taɓa ni inda ba na so. Bayan shekara biyu suka samo min aiki a sashen wanki da guga na wani otal, ina ninke zannuwan gado da tawul.

A nan na haɗu da Dogo.

Shi ma cibiyar ce ta kawo shi, kuma a gidan maza na cibiyar yake zaune tun rasuwar mahaifinsa. Ba ya kallon mutum cikin ido. Ba ya son a canza masa wurin ajiye kofi. Ƙarfe bakwai daidai yake shigowa, har masu guga ke tsokanarsa cewa in agogon bango ya tsaya, da shi za a saita.

Zanin gado babba sai mutum biyu ke ninke shi. Shi ya riƙe can, ni in riƙe nan, mu tako mu haɗu a tsakiya. Wata shida muna haka, abin da kawai yake ce min shi ne kusurwata ta karkace. Ni kuma in ce tasa ce ta cika tsayi kamar mai ita.

Wata rana muna tsakiyar ninki ya tsaya, idonsa a kan takalmina.

"Auta."

"Na'am?"

"Kowa in yana magana ina toshe kunne. Ke ban da ke."

 Zanin ya suɓuce min ya faɗi ƙasa, sai da aka sake wanke shi.

Daga ranar yake ajiye min rabin burodinsa, a yanke daidai wa daida. Ni kuma nake tsayawa tsakaninsa da ƙofa in baƙi sun shigo. Yana ce min Tawa. Ba ya ƙara komai a kai, Tawa kawai, kuma ya ishe ni.

Da muka gaya wa Malama muna son aure, ba ta yi dariya ba. Ta zaunar da mu sau da yawa, ta yi mana tambayoyi masu nauyi, wasu har na rufe fuska. Daga baya ta ce cibiya na da ciki da falo a ƙasan wani bene, ma'aikaciya na leƙowa safe da yamma ta ga magani da girki. Mutane kan yi shekara uku suna jiran irinsa, ga shi ɗaya ya faɗo. In waliyyanmu sun sa hannu cikin mako biyu, namu ne.

Ta kai mu muka gani. Dogo ya auna falon da taku, ya ce takwas ne da rabi. Na buɗe famfo na rufe, na sake buɗewa. Akwai taga mai kallon wata bishiya.

Yaya ta ce za ta yi tunani. Wan Dogo ya ce in dai ba shi zai ɗauki nauyi ba, ba ruwansa.

Saura kwana biyar wa'adin ya cika, injin busar da kaya ya lalace, ya kama wata irin ƙara mai shiga ƙwaƙwalwa. Dogo ya saki keken tura kaya ya ruga sito. Na bi shi, na ja ƙofa don ƙarar ta ragu, na zauna a ƙasa na riƙe bakin rigarsa har numfashinsa ya daidaita.

A haka Madam, shugabar sashenmu, ta buɗe ƙofa ta same mu.

 Ta dube mu sama da ƙasa ta juya. Kafin a tashi daga aiki ta kira Yaya, ta kira wan Dogo, ta gaya musu ta kama mu cikin halin da bakinta ba zai iya faɗa ba. Ta ce ba yau aka fara ba.

Abin da ya tara mu a ofishin Malama ke nan.

"Yaya, ƙarya ne," na ce. "Injin ne ya..."

"Ke me kika sani?"

Yaya ta katse ni. Ta juya ga Malama ta ce amana ta kawo, ga abin da aka yi da amanar. Ta ce in na yi ciki wa zai riƙe jaririn, ni da har yanzu sai an tuna min in kashe risho? Malama ta ce ai shi ya sa ake da ma'aikaciya, kuma a ba ta kwana biyu ta bincika maganar Madam. Wan Dogo ya ce shi ba zai jira a ɓata sunan gidansu ba, yau zai tafi da ƙaninsa.

An yi awa guda ana magana a kanmu. Babu wanda ya tambaye mu komai.

Da wansa ya finciko shi, Dogo ya tirje a bakin ƙofa. Karo na farko tun da na san shi, ya ɗago ya dube ni cikin ido.

"Gobe ƙarfe bakwai, Tawa."

Na gyaɗa kai. Ban san me ya sa na gyaɗa ba.

Yaya ta cire ni daga aiki, ta hana ni zuwa cibiya. Na koma zama gefen keke ina tsince zare. Malama ta zo sau uku, Yaya ta tare ta a waje. Mako biyun suka cika, aka ba wasu ɗakin.

Ban yi rigima ba. Abinci ne kawai ya daina wuce min maƙogwaro. Na daina wanka sai an ce in yi. Abubuwan da na sha wuya kafin in koya suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, har wata safiya na tsaya gaban agogo na kasa gane ƙarfe nawa. Yaya na kallona ta gefen ido tana taka keke da ƙarfi, tana cewa zai wuce, don ni take yi.

Wata uku muna haka, sai ga Inna mai guga, wata dattijuwa da muke aiki tare, ta zo da yamma. Ta ƙi shan ruwa. Ta ce abu ne ya tsaya mata a rai, tsoron rasa aiki ya sa ta yi shiru. Tana tsaye a bayan Madam lokacin da aka buɗe sito, kuma ba ta ga komai ba sai mutum biyu a zaune, ɗaya na rawar jiki ɗaya na lallashi. Ta ce kwana uku da tafiyarmu Madam ta kawo 'yar ƙanwarta da wani ɗan uwan mijinta, su ne a gurabenmu yanzu.

Ƙafar Yaya ta tsaya a kan keke.

 Sannan ta tashi ta yafa mayafi, ta ce in sa takalmi.

Muka tarar da Malama tana waya, fuskarta ba daɗi. Yaya ba ta ko gaisa ba ta ce a kawo takardar, za ta sa hannu, ko ɗakin ya tafi za su jira wani. Malama ta ajiye wayar a hankali. Ta ce mu zauna.

Ta ce tun da wan Dogo ya tafi da shi can wata unguwa mai nisa, a ɗakin baya yake kulle shi in zai fita, don kullum da safe sai ya yi shirin aiki ya nufi ƙofa. Ya daina magana. Ya fara buga kansa da bango. Malama ta yi ta roƙo a maido shi gidan maza, wan ya ce cibiyar ce ta lalata shi. Kwana tara da suka wuce aka manta ba a sa kwaɗo ba, ya fita.

Bai san hanyoyin unguwar ba. Kuma Dogo ba ya tambayar baƙo.

A safiyar ranar aka tsince shi a ƙarƙashin wata gada, ruwan sama ya yi ta dukansa, ƙirjinsa ya kama. Yana asibiti.

Har yau ba na tuna yadda muka isa. Na dai tuna warin magani, da ma'aikaciyar jinya da ta tare mu ta ce dangi kawai. Ta tambaye ni ni wace ce a wurinsa. Na buɗe baki ban sami kalmar ba. Wansa ne ya fito, ya rame, idonsa ja, ya ce a bar ni in shiga.

Dogo ya zama kamar sanda a ƙarƙashin bargo. Tafin ƙafarsa duk ya tsage. Injin da ke gefen gadon na ta ƙara, shi kuma ba shi da ƙarfin ɗaga hannu. Na sa tafukana na rufe masa kunnuwa.

Ya buɗe ido kaɗan.

"Tawa..."

"Ga ni, Dogona."

"Na nemi bas ɗin. Ba lambarmu."

"Na sani. Ba laifinka ba ne."

"Kin rame."

"Kai ma."

Ya ɗan motsa baki kamar zai yi murmushi, sai barci ya ɗauke shi. Na zauna a haka har hannuwana suka sage. Yaya na tsaye a bakin ƙofa, ta cusa mayafi a baki.

Washegari da hantsi ya cika.

Yaya ta raka ni gidan wansa. Mutane cike, ana ta shiga ana fita. Aka yi wa wansa gaisuwa, aka yi wa matar wansa, har maƙwabcin da ya ba da aron tabarmi aka ce masa ya haƙuri. Ni na zauna a bakin ƙofa kusa da takalma. Wata mata ta miƙo min tire ta ce in tattara kofuna, ta ɗauka aiki aka kawo ni. Na tattara.

Da muka koma gida na wuce ɗaki na zauna a bakin gado. Ban yi kuka ba. Tun a asibiti nake nemansa ya ƙi zuwa.

Can Yaya ta shigo. Na zaci za ta ce in ci abinci, ko ta ce zai wuce. Sai na ga ta cire takalmi a bakin ƙofa kamar baƙuwa, ta gyara mayafi, ta durƙusa a gabana. Yayata, wadda ta goya ni.

"Auta," ta ce. "Na zo miki gaisuwa."

Na dube ta.

"Duk gidan can babu wanda ya yi rashi kamarki. Ya haƙuri?"

Na san amsar. Tun ina ƙarama na ji manya na faɗinta, ban taɓa zaton za ta zo kaina ba.

"Haƙuri sai... sai godiya, Yaya."

"Allah ya jiƙansa. Mutumin kirki ne, ni ce ban tsaya na san shi ba."  "Ba zan ce ki yafe min yau ba. Ki ba ni labarinsa kawai. Daga farko."

A nan kukan ya zo. Ya zo da ƙarfi, har na zamo daga gado na faɗa jikinta. Ba ta ce in yi shiru ba. Ta riƙe ni har na gaji don kaina.

Sannan na share fuska, na fara ba ta labari a hankali, yadda nake komai. Ba ta katse ni ba ko sau ɗaya.